Giris ɗin da na shafa a dutsen Hatta

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Muhaisnah, a nan ƙasar Larabawa, ni da maigidana a wurin aiki, wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke kira Baba. Hatta muka nufa, can cikin duwatsu. Wani tsohon Balarabe ne ke da gida a saman tudu, gonarsa ta dabino da masallacin unguwa kuma suna ƙasa. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai wata lifta da ke bin dogo a jikin dutsen ke sauko da shi. Shekara da shekaru Baba ke kula da ita. To, ta fara ƙara mai tayar da hankali, ɗan da tsohon ya haifa ya bugo waya ya ce khalas, wato magana ta ƙare, in ba ta gyaru yau ba zai kwashe uban zuwa flat a unguwar Al Nahda, cikin birni.

Ni kuwa na san za a waiwayo kaina, don ni na je mata dubawar ƙarshe, lokacin da Baba ke gida hutu.

Hanyar lafiya lau, kwalta sumul. Mun wuce jan yashi da raƙuma masu kallon mota kamar su suka saye ta. Muka tsaya shan shayin karak da burodin paratha wurin wani ɗan Kerala, amma wallahi ban ji ɗanɗanon komai ba. Baba ya cinye nasa, ya ƙara da nawa.

Da isarmu bai taɓa akwatin kayan aiki ba. Ya durƙusa, ya goga yatsa a jikin dogon, ya murza, ya miƙo mini. Baƙin giris ne, cike da yashi.

"Bon, to, wa ya yi wannan kwalliyar?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ai ni gani nake na yi abin kirki! A Kano haka muka saba, ƙarfe in kana son sa ka ba shi mai. Ashe a nan iska ke kwaso yashi ya manne a giris, tayoyin su yi ta niƙa shi, yana cinye su. Baba ya ce wannan dogon a bushe yake son zama, boris ɗin cikin tayoyin da igiyar ƙarfen da ke jan liftar kaɗai ake ba wa mai, shi ma ɗan kaɗan.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tsumma da kananzir ya ba ni. Tun daga gindin tudun na fara wanke dogon taku-taku, rana na dukan ƙeyata, shi kuma ya canza tayoyi biyu, ya gwada birki har sau uku da buhunan dabino a ciki. Tsohon na zaune a kekensa na guragu can sama, ya ƙi shiga inuwa.

Daf da la'asar aka tura tsohon cikin liftar. Lifta ta sauko shiru, sai ɗan gurnanin inji. Ɗan nasa, da ya zo da waya a hannu, ya tsaya yana saurare, can ya mayar da ita aljihu, maganar flat ta wuce.

A ƙasa na kasa daurewa, na ce Baba ya gaya wa tsohon da Larabci cewa ni na jawo masa wannan. Tsohon ya kama hannuna, duk baƙin mai, ya yi magana a hankali. Baba ya fassara: "Ya ce ya gan ka ranar da kake shafa giris ɗin. Ya san halin yashin garinsu, amma ya ga yadda kake zufa dominsa, sai ya kasa hana ka."

Jama'a, na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Magariba a hanya ta same mu, muka iso Muhaisnah hannuwana na warin kananzir. Abin da na koyo, ƙauna ba ta isa ta riƙe inji ba, sai ka san ƙasar da yake zaune a kai. Baba ya ce daga yanzu duk wata uku ni zan riƙa zuwa. Ni kaɗai.