Dattijon da Ya Ƙi Karɓar Sanda

A bakin wata istiraha, gidan hayar taro da biki, a unguwar Suwaidi, inda Salissou ke gadi, wata doguwar mota mai gado da kicin a ciki ta tsaya, ƙurar hanyar Jidda har gilashi. A matakalarta wani dattijo dogo na zaune yana goge takalmi da hannun hagu, na dama na kwance a cinya kamar baƙo. Yana hura wa fatar iska, yana murzawa, yana leƙa fuskarsa a ciki.

Jin ya yi wa matarsa Hausa, Salissou ya matso.

"Sannu da hanya, Baba. Biki aka zo?"

"Taron 'yan ajinmu ne na makarantar soja. A garin nan muka sha horo muna samari." Maganar na fita da nauyi, baki a ɗan karkace. "Suna ake kira. Wanda ya rasu ko ya kwanta, abokinsa ke amsa masa. Bara wani ya amsa mini."

Salissou na kallon ƙafar daman, yana ƙiyasta watannin da aka kwashe ana koya mata tafiya.

Hajiya, matar tasa, na miƙo sanda ta tagar motar, shi ko kallonta bai yi ba. Ƙirji a gaba, ƙafa na jan ƙasa, yana takawa har ƙofar zauren.

Can ciki wata tsohuwar murya ta ɗaga: "Gidaɗo!"

"Hadir!" dattijon ya amsa da bakinsa, har tantabarun kan katanga suka watse.