Soson Baba Jinaidu

A bayan wata rumfar nama a Ƙofar Kware, wani dattijon mahauci yana tsugune, ya jingina waya da gungumen sara. Amosanin gaɓɓai ya karkatar masa da yatsu. Ta cikin wayar, likitar gashin ƙashi tana kallonsa yana matsa soson wanke-wanke don motsa yatsun.

"Baba Jinaidu, ɗaga hannun in gani."

Sai ya waiga hagu da dama. Ƙila hannun nan ya taɓa riƙe ƙahon bijimi, makaɗa na wasa shi. Yau soso ke gagararsa.

Ga wani abokin sana'arsa yana tahowa. Dattijon ya yi maza ya hau goge gungumen da yake tsaf, kansa a sunkuye.

"Ɗiyata," ya ce ƙasa-ƙasa, "bari shi wuce tukuna."