Ulayuk da Babansa na Biyu

Ulayuk maƙwabcina ne tun muna samari, tare muke farautar natsik, wata dabbar ruwa mai kitse, a kan ƙanƙarar teku. Ba shi da yawan magana, sai in da karnukansa yake.

Shekarar da mahaifinsa Nutarak ya rasu, 'yar Ulayuk ta haifi ɗa namiji, aka mayar masa da sunan marigayin. A wurinmu wanda ya ci suna ya ci matsayin mai sunan. Tun yaron yana goye Ulayuk ke kiransa Baba, shi kuma da bakinsa ya buɗe sai ya ce masa ɗana.

"Baba, yau ma ka jiƙa wando."

"Ɗana, rage surutu ka miƙo mini hanta."

Kabarin Nutarak babba yana tsibirin da ke ƙetaren mashigi. Duk shekara, kafin ƙanƙara ta saki, Ulayuk kan ɗaura wa karnuka keken ƙanƙara ya kai masa shayi da taba. Da yaron ya tasa sai suke tafiya tare. A hanyar nan ya nuna masa inda ruwa ke gudu ta ƙasa yana cin ƙanƙara, inda launinta ke yin duhu, inda ba a takawa ko da sandar gwaji ta ce a taka.

"Kai ka koya mini," yakan ce. "Kayanka nake mayar maka."

Sannu a hankali ƙanƙarar ta soma makara wajen zuwa, ta kuma riƙa saurin tafiya. Muka fara hango manyan jirage a inda da sai farar shimfiɗa. Mutanen wani kamfanin haƙar tama suka zo zauren taro da biskit, suka ce jirginsu ba zai shiga mashigin ba sai ƙanƙara ta tafi don kanta. Nutarak ƙarami ne ya yi musu tafinta, lokacin ya zama magidanci. Daga baya suka ɗauke shi aiki, suka ba shi jar riga da sunansa na makaranta a ƙirji: Silas.

"Baba ya zama ɗan kwana-kwana," in ji Ulayuk.

"Ɗana, abin da ke cikin tukunyarka ba daga sama ya faɗo ba."

A shekarar gwiwoyin Ulayuk suka fara ƙin sa. Ya ce mini yana jin wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe zuwa tsibiri, yana so ya yi wa tsohon sallama. Ya nemi Nutarak su tafi, shi kuma aiki ya kira shi.

"Ka jira ni in dawo, ɗana. Kada ka taka ƙanƙarar nan ba ni."

Ulayuk ya jira. Uba ne ya ce a jira. Rana ta yi ta ƙara tsawo, ƙanƙara na dab da saki, Nutarak bai dawo ba, sai na ce mu tafi ni da shi.

A tsakiyar mashigi karnuka suka tsaya da kansu. Baƙin ruwa ne a gabanmu, ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, gutsattsarin ƙanƙara na yawo a kai. Ulayuk ya sauka, ya daɗe yana bin tsagar da ido. Ba a miƙe take ba. Ta karkata a gaban dutsen tsuntsaye, ta sake karkata a inda ruwa ke gudu, duk wuraren da ba a takawa.

"Wanda ya yi wa jirgin da ya fasa nan jagora ya san hanya," ya ce. "An koya masa da kyau."

Muka juya.

Da Nutarak ya dawo ina ɗakin Ulayuk. Bai jira an tambaye shi ba.

"Da ni da ba ni, mutanen kamfanin za su shiga. Da ban nuna musu ba, ta wurin farautarku za su fasa. Na ce ka jira ne don kada jirgi ya same ka a can, ɗana."

Ulayuk ya zuba shayi, ya tura masa kofin.

"Sha da zafinsa, Silas."

Shekarar da ta biyo ƙanƙarar mashigin ba ta yi ƙarfin ɗaukar mutum ba. Ulayuk ya rarraba karnukansa. Silas yana kawo masa nama da mai, shi kuma yana yi masa godiya irin ta baƙo. Ƙunshin tabar da zai kai wa tsohon yana kan taga, ba a buɗe ba.