Allon da Ba a Kafa Ba

Jiya na bi ta muguwar kwanar nan ta hanyar Argungu, na ga har yau babu allon gargaɗi, raina ya ɓaci.

Zamanin muna jihar Sakkwato, ni ne magatakardan taron da ƙananan hukumomi biyu suka yi kan haɗurran kwanar. An amince a kafa allon gargaɗi, sai gardama ta kaure: sunan wace hukuma zai hau sama?

Wani tsohon direba ya miƙe. "Ranku shi daɗe, ku rubuta 'Rage gudu' kawai."

Shugaban taro ya ce, "To wa za a gode ma, Baba?"

Aka ɗage zama. Kafin a sake haɗuwa, motar albasa ta kife a wurin. Nan muka ɗauko gawar yayana Umaru.

Jama'a, ni wa zan gode ma?