Rantsuwar Baba a Kan Tsohon Caji Ofis

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san tsohon caji ofis. Yana nan a bakin kasuwa, bayan 'yan awaki, tun zamanin En'e da aka gina shi domin 'yan doka masu jar dara. Ginin tubali ne zalla, kaurin bangonsa ya isa mutum ya miƙe a kai ya yi barci. Kowace kusurwa da zankonta, ga indararo na zubar da ruwan sama. Soron gaba, inda ake karɓar ƙara, ɗaurin guga aka yi masa, aka manna tasa a tsakiyar rufin. Can baya kuma ɗakuna biyu ne na kulle mutane, tagoginsu ko kan yaro ba zai shiga ba. Na cikin nan duk sai da na girma na yi aure sannan na gani da idona, domin mu 'yan gidanmu ko inuwar ginin ba ma sha.

Dalili kuwa shi ne, Baba yana saurayi aka kai ƙararsa, wai ya tumɓuke gambar da ta raba gonarmu da ta maƙwabci don ya ci iyaka. A wajenmu, inda gona take manne da gona, wannan ba ƙaramin zargi ba ne. Ranar kasuwa aka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka ratsa da shi ta cikin 'yan hatsi, a gaban yarinyar da yake nema, wadda daga baya ta zama Innarmu. Ya yi kwanaki a kulle kafin dagaci da dattawa su gano shanu ne suka yi ɓarnar. Da ya fito sai ya rantse da Allah, muddin yana numfashi, daga shi har duk mai ci daga rumbunsa ba mai taka cikin ginin nan.

Daga baya 'yan sanda suka koma sabon ofis na siminti a bakin titi, suka bar tsohon wa jemagu. Ni dai kowace damina jira nake in ji ya rushe, amma ina, ko gezau. Ƙungiyar ci gaban gari ce ta share shi, aka yi masa sabon yaɓe ta waje, aka shafe ciki da farar ƙasa, ya koma asibitin awon ciki da haihuwa. Sunan ne ya ƙi canzawa. Mace za ta ce za ta caji ofis, 'yan uwanta su tambaye ta wa ta mara.

A lokacin matata tana da ciki na uku, na farko da na biyu duk sun zube. Ƙafafunta suka fara kumbura, ga ciwon kai ba dare ba rana. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Zuwa birni kuwa, damina ta cinye hanya, in ka ɗora mai ciki a babur a kan ramukan nan kai ka ƙarasa ta. Na ce mata mu lallaɓa mu je awo a ɓoye, ta ƙi. Ta ce tuwon da take ci daga rumbun Baba ya fito, ba za ta karya masa rantsuwa ba. Na ji haushinta, na ji haushin Baba, amma ban iya buɗe baki a gabansa ba.

Inna ce ta yi maganar. Tana ajiye masa kwanon fura ta faɗa masa halin da surukarsa take ciki, sannan ta ƙara da cewa ita da ta gan shi da igiya a ƙugu ai ba ta fasa aurensa ba, kuma duk garin nan ba mai tuna abin sai shi kaɗai. Ranar ko furar Baba bai sha ba.

Washegari ya je wajen liman. Da ya dawo ya sa aka buɗe rumbu, aka sussuka gero, aka yanka ɗan akuya. Kaffarar rantsuwa zai yi, ya ciyar da mabukata goma. Da ya so da ya aika musu gida ba wanda zai sani, amma sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa na wucewa yana gani. Da suka watse ya dube ni ya ce, "Ɗauko matarka. Ni zan shiga gaba."

Haka muka ratsa kasuwa, yana gaba da sandarsa. A bakin soron ya ɗan tsaya, ya yi bisimilla, ya shiga. Ana duba matata a ciki, shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon ɗaurin gugan nan, ya ce maginan da sun iya aiki, dubi sanyin da ke ciki da rana tsaka. Ya ja ni ɗakin bayan da aka taɓa kulle shi, ya shafa bango. A ƙarƙashin farar ƙasar ana ganin sawun yatsu jere-jere. Ashe a zamanin, in damina ta matso, waɗanda aka kulle ake sa wa su yi yaɓe, kuma wannan bangon shi ya yaɓe shi. Ya ɗora hannunsa a kan sawun, ya daɗe bai ɗauke ba.

Ma'aikaciyar asibitin ta ce jinin matata ya hau sosai, ta ɗora ta a kan magani, ta ce kada ta kuskura ta fasa zuwa awo. Ba ta fasa ba. In na je gona, Baba ne ke raka ta, ya zauna a dakalin waje yana ba mata masu jira labarin 'yan doka, har da kwaikwayon tafiyarsu.

Bayan an yanke gero, wata rana da hantsi, ta haihu. A ɗakin bayan nan ne, an dai faɗaɗa tagar, haske na shiga har kan gado. Har yau in na wuce ginin sai na yi wa maginansa addu'a, da waɗanda suka hana shi rushewa, da Inna. Amma godiyata mafi yawa ga Baba take, don na san abin da ya haɗiye.

Aka ce a kira kaka ya yi wa jaririya huɗuba. Na ce bari in fito masa da ita soro. Ya girgiza kai, ya cire takalmansa a bakin ɗakin.

"Bar ta nan," in ji shi. "Na san hanya."