Kunnen Ragon Dutse

Ko na tsufa na rikice, farautar da muka je duwatsun Kutus ba za ta fita raina ba. Baba maharbi ne, ido ya fara gaza masa. Bayan girbi sai ya kwashe mu, ni da ƙanena, ya ce duk wanda ya kayar da ragon dutse shi zai gaji bindigarsa. Ni ne babba, ni na yi shekaru ina saɓa masa ita, don haka na ɗauka magana ta ƙare.

Lokacin barbara ne, lokacin da raguna ke haukacewa. Tun daga nesa kake jin karonsu kamar ana faskare, ga warinsu ya cika kwazazzabo. Ni na gano sawu, ni na ja ciki a kan duwatsu har gwiwoyina suka salluɓe. Muka tarar da biyu suna gwabzawa, ko ta kanmu ba su bi ba. Ina cikin saiti sai na ji tau! Ƙanena ya harba da bindigar aro, a gaggauce. Babban ragon ya zabura, na bi shi da harsashi a haƙarƙari, ya faɗi.

Wallahi har rawa na taka. Baba ya iso, ya durƙusa yana shafa ragon, sai yatsansa ya tsaya a kunne. Wata 'yar tsaga ce, jininta bai cika cokali ba.

"Wa ya fara harbi?"

"Ni ne, Baba. Amma Yaya ne ya kashe."

"Wanda ya fara fid da jini shi ke da nama. Haka muka gada."

Na ce, "Haba Baba, kunne fa!" Ko kallona bai yi ba. Aka ba ƙanena kai da ƙaho da bindiga, ni aka miƙo mini cinya mai warin bunsuru. Muka kamo hanyar komawa Damagaram. Abin haushin, yaron sai haƙuri yake ba ni.

Yau an hana farautar, bindigar tana rataye a zauren ƙanena, kuma har gobe in na shiga sai na kau da kai. Abin da na koya shi ne kishin ɗan'uwa ya fi kowanne ciwo: ba ka iya ƙinsa, ba ka iya taya shi murna.