Agwagwar da Na Sayo wa Baba

Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwa, amma in ka tambayi mutanen unguwarmu a Ƙofar Atiku, da harbin agwagwa suka fi saninsa. Duk shekara in ruwa ya fara janyewa a fadama, shinkafa ta nuna, agwagin dajin nan da ake kira kirinjijiya sukan sauko garke-garke su yi wa manoma ɓarna. A lokacin ne Baba yakan ɗauko bindigarsa mai baki biyu ya nufi Dundaye, wurin amininsa, wani manomin shinkafa da muke kira Baffa. Tun ban san dama da hagu ba suke fita tare.

Ni ban gaji harbi ba. Aikin ofis nake yi, ina zaune a Arkilla da iyalina. Ranar Juma'a nakan leƙa gida in gaishe su, in sha fura, in koma. Wata rana na ga bidiyo a waya, wasu Turawa mafarauta sun kafa agwagwar roba a kan sanda cikin ruwa. Batir ne ke juya fukafukanta, gefe ɗaya fari, ɗaya baƙi, daga nesa sai ka rantse tsuntsuwa ce ke shirin sauka. Agwagin gaske kuwa sai zubowa suke yi a kanta. Na sa wani abokina da ke fita waje saro kaya ya taho mini da ita. So nake in kai wa Baba abin da ba wanda ya taɓa kai wa ubansa a unguwar.

Da na kunna ta a tsakar gida, Baba ya matso kusa ƙwarai, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wagga kam ana ganinta." Na ji daɗi, na ce to ni zan kai shi fadama da motata.

Baffa bai karɓe ta da hannu biyu ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce, "Kirinjijiya da hito aka kiranta, ba da walƙiya ba." Fito yake nufi, don shi ya iya kwaikwayon kukansu da baki. Duk da haka ya bar ni na tattare wando na shiga ruwa na kafa ta, muka ɓuya a cikin ciyawa.

Ranar farko ta yi aiki. Gari na wayewa wani ƙaramin garke ya karkato kanta, Baba ya harba, aka samu na miya har da na rabo. Na lura Baffa yana manne da kafaɗar Baba yana ta motsa baki ƙasa-ƙasa. Na ɗauka ƙunƙuni yake yi don na kayar da shi. A hanyar komawa ni kaɗai nake ta surutu.

Fita ta gaba abin ya canja. Garke zai taho sosai, da ya hango walƙiyar fukafukan sai ya yi sama ya kauce. Baffa ya ce, "Sun gane ta. Ƙanana ta ka ruɗa, manya kuwa kora su takai. Kashe ta mu gani." Na ƙi. Na ce rana ce ta haska ta da yawa, na ce iska ce, na kawo abin da na ji a bidiyo. Baba yana gefe yana goge bindigarsa. Da gardama ta yi tsawo sai na ce wa Baffa ya koma can gaba ya yi fitonsa, ni in zauna da Baba a nan, a ga inda za su fi zuwa. Ya dubi Baba kamar yana jiran ya hana. Baba bai hana ba. Baffa ya tashi ya tafi, yana waiwaye.

Na zauna a gurbinsa. Ba a jima ba muka ji kukansu daga bayanmu, suna da yawa. Baba ya ɗaga bindiga. Ya ce a hankali, "Ina?" Ban gane abin da yake tambaya ba, don ga su nan sun cika sama ta hagu, ko yaro zai gan su. Ya sake cewa, "Ina?" Kafin in buɗe baki sai na ga bakin bindigar ya sauko ya daidaita a kan agwagwar roba. Ya harba.

Fiffike ɗaya ya tashi ya faɗa cikin shinkafa. Garken ya watse. Akwai masu yankan shinkafa a gonar da ke kusa, ɗayansu ya fara dariya, wani ya tsawata masa.

Baba ya juyo da fara'a ya ce, "Ta hwaɗi?"

Na dubi agwagwar roba. Baffa ya iso da gudu yana fantsama ruwa, ya ce, "Ta hwaɗi, Alhaji. Bari a ɗauko."

Amma injin bai mutu ba. Yana ta juya ragowar fiffiken yana ƙara kamar tsohuwar fanka. Baba ya karkata kai yana saurare. Na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ya buɗe bindigar, ya zare harsashin da ya rage, ya miƙo mini ita. Tunda nake ban taɓa ganin ya ba wani riƙonta ba.

Muna tafiya a kan kunyar gona, Baba yana gaba, Baffa ya ja ni baya kaɗan. Ya ce, "Kaka biyu ke nan ni ka yi mai ido. In ce hagu, in ce sama, in ce yanzu, shi harba. In da mutum gaba, in riƙe mai hannu."

Na ce, "Baffa, don me ba a gaya mini ba?"

Ya ce, "Shi ya hana. Ni kuma na ce ɗan da ka zuwa duk Juma'a, ba sai an hwaɗa mai ba."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Muka shiga mota. Ina tuƙi ina tuna abubuwa. Baba ya daina karanta Alƙur'aninsa da rana, ya ce ya fi son tilawa da ka. In na yi sallama ba ya ɗago kai sai na ƙara magana. A shago ya koma shafa yadi da yatsu kafin ya faɗi irinsa. Duk na gani, na kira shi tsufa, na wuce. Da muka isa gida na tarar Inna ta sani, ƙanwata ta sani, har maƙwabcinmu mai shago ya sani, don shi ke tsallakar da shi titi zuwa masallaci. Inna ta kawo mini fura kamar kullum, na kasa sha.

Sai da na yi ta roƙo kafin ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma ta daɗe. Aka yi aiki. Na dama ya buɗe sosai, na hagu bai dawo duka ba, an makara.

Bai sake zuwa harbi ba. Na ɗauka kunyar masu yankan shinkafa ce, na ce masa ai an manta. Ya ce ba ita ba ce. Ya ce kaka biyu yana ɗana kunamar bindiga a fadama cike da mutane ba tare da ya ga abin da yake harbi ba, don kawai kada a ce ya tsufa, kuma wannan tsakaninsa da Allah ne. Ya sa aka kira Baffa, Baba ya roƙe shi gafara a gabana. Baffa ya ce su bar zancen, suka koma hirar farashin taki.

Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a gefen gado. Ya dubi likita, ya dubi taga, sannan ya juyo gare ni ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe ka yi hurhura."

Na ce, "Ta daɗe, Baba."

Ya ce, "To." Ya nemi takalmansa, ya same su da kansa, muka fito.